Ranar da aka fitar da littattafai daga laburare

A shekarar 2005, Jami'ar Texas da ke Austin ta kwashe littattafai kimanin 90,000 daga laburaren ɗaliban digirin farko, ta rarraba su ga sauran laburarorinta. A gurbinsu aka zuba kwamfutoci da kujeru masu taushi da tebura waɗanda mutum biyar ko shida za su iya zagayewa su yi aiki tare. Jaridar New York Times ta ɗauki labarin, aka yi ta ka-ce-na-ce a faɗin Amurka, har wasu suka ɗauka cewa intanet ce ta ci littafi da yaƙi. Amma intanet ta tarar da rigimar ne kawai. Asalin tambayar ta girme ta: filin da ke tsakiyar jami'a, wanda ya fi kowane tsada, littafi za a ba ko ɗalibi?

Shi kansa laburaren ɗaliban digirin farko gyara ne na wani zamani. A manyan jami'o'in Amurka na farkon ƙarni na 20, kantocin littattafai wurin malamai ne da masu bincike. Ƙaramin ɗalibi sai dai ya rubuta sunan littafi a takarda ya miƙa wa ma'aikaci, ya zauna jira. Keyes Metcalf, shugaban laburarorin Harvard, ya ga wannan bai dace ba, don haka a 1949 aka buɗe Laburaren Lamont, inda ɗalibi zai ratsa tsakanin kantoci ya ɗauki abin da idonsa ya so. (Ɗalibi namiji ke nan, domin ba a buɗe wa mata ƙofar Lamont ba sai a 1967.) Jami'o'i da dama suka kwaikwayi wannan tsari, ciki har da ta Texas, wadda ta buɗe nata a 1963. Ke nan ginin da aka yi don kusantar da ɗalibi ga littafi, shi ne aka raba da littafi bayan shekara 42, kuma da sunan ɗalibin aka yi duka biyun.

Abin da ya faru a tsakani shi ne littattafai sun yi yawa. Kowace sabuwar kanta da aka kafa, kujera ce ta tashi. Sannan masana harkar suka fara ƙirga abin da ake karantawa a zahiri. Wani bincike da Allen Kent ya jagoranta a Jami'ar Pittsburgh, wanda aka wallafa a 1979, ya gano cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na littattafan da aka saya a 1969 ba wanda ya ara ko sau ɗaya cikin shekara shida. Malamai sun soki binciken, kuma suna da hujja: darajar littafin bincike ba a yawan aro take ba, wani sai ya yi shekara talatin kafin mai buƙatarsa ya zo. Duk da haka lissafin ya zauna a zukatan masu riƙe da kasafin kuɗi.

Mafita ta zo a 1986, kuma ba daga kwamfuta ba, daga sito. Harvard ta gina wata ƙatuwar ma'ajiya a Southborough, nesa da harabarta, inda ake jera littattafai bisa girmansu maimakon fanninsu, a kantoci masu tsawon kusan mita 9, cikin sanyin da ke tsawaita ran takarda. Lamba kaɗai ke nuna inda kowane littafi yake. Mai buƙata ya nema, mota ta kawo masa. Wannan sito, wanda ba ya burge kowa, shi ne ya buɗe hanyar duk gyare-gyaren da suka biyo baya, domin ya ba shugabannin laburare damar cewa ba su zubar da komai ba, matsarwa kawai suka yi.

A daidai lokacin, salon koyarwa ma yana sauyawa. Malamai sun ƙara yawan ayyukan rukuni, kuma a ƙarshen shekarun 1990 hukumar ABET, mai tantance kwasa-kwasan injiniyanci, ta sanya iya aiki cikin ƙungiya a jerin abin da dole ɗalibi ya fita da shi. To ina ɗalibai biyar za su zauna su yi gardama a kan aiki guda, alhali dokar farko ta laburare ita ce shiru, ta biyu kuma hana shiga da abinci? Sai suka koma shagunan shan kofi. A 2001 jaridar Chronicle of Higher Education ta buga wani rahoto na Scott Carlson kan yadda ɗalibai ke ƙaurace wa laburare, rahoton da ya tayar da hankalin ma'aikata ƙwarai. Tuni dai Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta gwada wata hanya a Laburaren Leavey, wanda ta buɗe a 1994 da dandalin kwamfutoci da ɗakunan aikin rukuni. Bayan 2001 gwajin ya zama yayi.

Mafi hankali cikin masu gyaran su ne na Jami'ar Rochester. Maimakon su ɗauko zane daga wani wuri, sai suka ɗauki masaniyar nazarin al'ummomi, Nancy Fried Foster, ta nazarci ɗalibansu kamar yadda ake nazarin baƙuwar al'umma. An sa ɗalibai su ɗauki hotunan inda suke karatu, su nuna a taswira inda suka bi cikin yini, su kuma zana laburaren da suke mafarki. An gano cewa da yawansu sai dare ya yi nisa suke fara aikin rubutu, lokacin da ma'aikata sun riga sun tashi. An kuma gano abin da masu ɗokin sabon yayi ba su cika son ji ba: ɗaliban da suka zana tebura na rukuni da alluna, su ne kuma suka zana lungunan kaɗaici da shiru. Aikin rukuni yana da sa'o'insa, amma wanda zai kawo wa rukuni wani abu sai ya fara zama shi kaɗai ya karanta. Da wannan sani aka tsara Laburaren Gleason, wanda aka buɗe a 2007.

Abin da aka yi asara kuwa ba ƙarami ba ne, ko da yake ba ya shiga lissafi. Mai neman littafi guda a kanta yakan ci karo da na kusa da shi, wanda bai san da shi ba, kuma sau da yawa shi ne ya fi amfanarsa. Sito ba ya ba da wannan. Inda kuma babu sito, maganar matsarwa takan zama wani abu dabam. A 2016 Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz ta cire mujalladai kimanin 80,000 daga laburarenta na kimiyya da injiniyanci don samar wa ɗalibai wurin zama, saboda yawansu ya ƙaru kuma kujeru sun yi kaɗan. Buƙatar gaskiya ce. Sai dai an yi aikin ne lokacin dogon hutu, da yawa daga cikin littattafan ba su koma wata ma'ajiya ba, kuma malamai suka ce ba a yi shawara da su yadda ya kamata ba. Da aka dawo hutu majalisar malaman jami'ar ta zartar da ƙudurin nuna rashin amincewa, amma a lokacin kantocin sun riga sun tafi.