Asalin Makamin Ƙare-Dangi

A watan Disamba na 1938, a birnin Balin, masana biyu, Otto Hahn da Fritz Strassmann, suka harbi ma'adinin yuraniyom da ƙwayoyin nutiron, sai suka tarar da bariyom cikin abin da ya saura, alhali kuwa ba su zuba shi ba. Ta'awilin wannan al'ajabi bai samu ba sai daga abokiyar aikinsu Lise Meitner, wadda zaluncin Hitila ya tilasta wa hijira zuwa Suwidin, domin ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch ne suka tabbatar cewa cibiyar ƙwayar zarra ce ta tsage gida biyu.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Kowace cibiya da ta tsage takan saki zafi mai tsanani tare da nutiron biyu ko uku, su kuma su tsaga maƙwabta, maƙwabtan su tsaga nasu, ta yadda muddin ma'adinin ya kai wani miƙidari kuma aka haɗe shi wuri guda farat ɗaya, silsilar takan kammala kafin ƙiftawar ido. Wannan kuwa masanan Jamus da Ingila da Rasha duk sun fahimce shi, shi ya sa Einstein ya sa hannu a wasiƙar gargaɗi zuwa ga Shugaba Roosevelt na Amurka a 1939.

Inda gizo ke saƙar shi ne samun ma'adinin. Nau'in da ke ɗaukar silsila, wato yuraniyom 235, bakwai ne kacal cikin dubu na abin da ake haƙowa, kuma ba ya bambanta da ɗan'uwansa 238 a launi ko ɗabi'a face ɗan nauyi kaɗan, don haka rarrabe su ya fi tsince aya cikin tsakuwa wuya nesa ba kusa ba. Saboda wannan aiki Amurka ta gina gari sukutum a Oak Ridge, ta kafa masana'antar fulutoniyom, wani ma'adinin da shi ma ke ɗaukar silsila, a Hanford, ta tara malamai a Los Alamos ƙarƙashin Oppenheimer. Kuma abin da littattafai suka cika tsallakewa shi ne, kaso mai yawa na dutsen yuraniyom ɗin daga mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar Kwango aka kwaso shi, da gumin baƙar fata.

Aka jarraba makamin ranar 16 ga Yuli 1945, aka jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agusta, Nagasaki ranar 9. An ƙiyasta mamatan Hiroshima kaɗai sun kai 140,000 kafin shekarar ta ƙare.

Sirrin bai daɗe a hannu ɗaya ba. Tarayyar Sobiyet ta tayar da nata a 1949, Ingila a 1952, Faransa kuwa, da ta rasa filin gwaji a gida, ta zaɓi Reggane cikin Saharar Aljeriya a Fabrairun 1960. Da ta maimaita har karo na uku duk da ƙoƙon baran ƙasashen Afirka, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Ikko a Janairun 1961, ta kuma haramta wa jiragen Faransa na sama da na ruwa sauka a Nijeriya.