Yadda Sashen Zane na Zariya Ya Kai Ga Yaye Malamansa

A Ibadan aka fara koyar da zane a Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Kere-kere ta Najeriya, kafin a ɗauko sashen a kawo shi Zariya a 1955. A lokacin difloma ake bayarwa, yawancin malaman kuma Turawan Ingila ne, tsarin karatun ma nasu ne.

Ba a daɗe ba ɗalibai suka fara ƙorafi. A 1958 Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da wasu abokansu suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Abin da suke nema shi ne a koyi dabarun Turawa, amma a haɗa su da zane-zanen gargajiya na gida. Da suka gama, kowa ya kama gabansa: Grillo ya koyar a Yaba, Okeke kuma daga baya ya shugabanci sashen zane a Nsukka.

Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashen ya shige cikinta, difloma ta koma digiri. Sai dai cigaban da ya fi tasiri shi ne buɗe karatun digiri na biyu, wanda ya ba sashen damar horar da malamansa a gida. A wannan mataki ɗalibi yakan wuni a ɗakin aiki, hannu duk fenti ko laka, ya baje kolin ayyukansa a gaban masu jarrabawa, sannan ya kare rubutun da ke bayanin abin da ya yi.

Gani Odutokun, haifaffen Nsawam a ƙasar Gana, ya bi wannan hanyar: digirin farko a 1975, na biyu a 1979, ya kuma koyar a sashen har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995. An san shi da tsiyaya fenti mai ruwa-ruwa a kan ƙyalle, ya bar shi ya kwarara, sannan ya fitar da siffa daga ciki. Jerry Buhari ma a nan ya yi digirinsa biyu, ya zauna har ya zama farfesa.

Yau sashen yana ƙarƙashin Tsangayar Tsara Muhalli, yana ba da har digirin digirgir, kuma duk wanda ya ratsa harabar jami'ar da ke Samaru zai ga filin da ke cike da manyan sassaƙe-sassaƙen siminti da ƙarfe da ɗalibai suka bari.