Jirgin Asirin Da Ya Juya A Hanya

Tun kafin jirage marasa matuƙa su fara shawagi a sararin Agadas, manyan ƙasashe sun daɗe suna neman hanyar leƙen abokan gaba daga sama ba tare da an ankara ba. A Yaƙin Duniya na Farko, sun yi amfani da jirgin balan-balan, wato ƙaton buhu mai siffar kifi da ake cika shi da iska mai sauƙi, a rataya masa inji da wurin zaman matuƙa.

A 1915 sojan ruwan Ingila suka fara ƙera ƙanana, masu ɗaukar mutum biyu, domin farautar jiragen ƙarƙashin teku na Jamus. Ɗaya daga ciki, mai lamba SS 40, aka shafe shi da baƙin fenti, aka rage ƙarar injinsa, aka kai shi Faransa a 1916 don ya riƙa leƙen asiri da daddare.

Amma shirin da ya shafe mu na Jamusawa ne. A Oktoban 1917 rundunar Nijeriya, wadda Hausawa ke da yawa a cikinta, ta gwabza da mayaƙan Lettow-Vorbeck a Mahiwa, cikin ƙasar Tanzaniya ta yau. An yi mana ɓarna ƙwarai, sai dai su ma Jamusawan harsashinsu da magungunansu sun kusa ƙarewa, ga teku a hannun Ingila.

Sai Jamus ta shirya jirgi a ɓoye, mai lamba L 59. Wannan kam ba ƙarami ba ne, tsawonsa mita 226. An loda masa kimanin tan 15 na makamai da magani, kuma ba a nufin ya dawo: rigarsa za a ɗinka tantuna da ita, ƙarafansa su zama turakun rediyo.

Ya tashi daga Yambol ta Bulgeriya ran 21 ga Nuwamba 1917, ya ƙetare Bahar Rum, ya bi ta Masar. Yana yamma da Khartum aka aiko masa saƙon rediyo cewa wurin saukarsa ya faɗa hannun abokan gaba. Ya juya, ya sauka gida ran 25 ga wata, bayan awa 95 a sama da tafiyar kilomita kusan 6,800. A ranar ce kuma Lettow-Vorbeck ya ƙetare kogin Rovuma zuwa Mozambik.

Da kayan nan sun isa, kakanninmu ne za su fuskanci harsashin. Sun yi yaƙinsu ba su san da jirgin ba. To, 'yan'uwa marubuta, ga labari nan kwance yana jiran alƙalami.