Kwana uku a yammacin Japan, da gardamar ramin azurfa

Abokina da muka zauna ɗaki guda shekara biyu a Yamai ya samu bursi, yanzu yana karatu a Hiroshima. Watan jiya ya aiko mini saƙo: "Kai ne mai tarihi, ina da hutun kwana uku, kuɗi kaɗan ne, ka tsara mini inda zan je." Ni da ban taɓa wuce Gaya ba! Amma na ɗauki kaye na zauna, kuma tsarin da na yi masa ya jawo gardama tsakaninmu har yau.

Kwana na farko babu wahala. A cikin Hiroshima akwai ginin nan mai ƙwarangwal ɗin ƙubba da ya tsaya bayan bam ɗin 6 ga Agusta 1945. Daga can jirgin ƙasa da ɗan jirgin ruwa su kai ka tsibirin Miyajima, inda jar ƙofar wurin bautar Itsukushima take tsaye cikin teku in ruwa ya cika. Duka biyun UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1996. Kowa yana zuwa, shi ma ya je.

Sauran kwana biyun ne matsala. Shi yana son ya hau shinkansen, jirgin nan mai gudun tsiya, ya tafi gabas ya ga farar fadar Himeji da aka gama babban benenta a 1609. Ni na ce ya juya baya ga layin jirgin, ya shiga kar ya ratsa duwatsu kusan awa uku zuwa arewa, jihar Shimane, inda shinkansen ba ya zuwa. Can akwai wani ƙauye, Omori, mutanensa ba su fi 400 ba. A bayansa Iwami Ginzan take, wato dutsen azurfa na Iwami.

A 1526 wani ɗan kasuwar Hakata, Kamiya Jutei, ya soma haƙa a wurin. A 1533 aka kawo dabarar tacewa: a narka dutsen tare da dalma, a ɗora bisa toka a hura wuta, toka ta shanye dalma, azurfa ta rage. Daga nan fa sai arziki ya ɓarke, kuma inda arziki ya ɓarke takobi ba ya nisa. Gidajen Ouchi da Amago da Mori suka yi ta ƙwace dutsen daga hannun juna, har Mori suka riƙe shi a 1562. Bayan yaƙin Sekigahara na 1600, Tokugawa ya maida shi ƙarƙashin ikonsa kai tsaye. A farkon ƙarni na 17 ana ƙiyasin Japan ce ke fidda wajen kashi ɗaya cikin uku na azurfar duniya, Iwami kuwa tana cikin manyan ramukan da suka ba da ita. Azurfar ta tafi Sin ta sayo siliki, har ƴan Fotugal suka sa wurin cikin taswirarsu.

To su wa suka haƙa? Wannan ne ya sa nake nacewa. Ramukan sun haura 600, yawancinsu da ƙyar mutum guda ke shiga a duƙe, da kurfi da guduma da ƴar fitilar mai. Ƙura da hayaƙi suna cin huhu. Mutanen wurin suna faɗin cewa mahaƙin da ya kai shekara 30 biki ake yi masa na tsawon rai. Talatin, jama'a. Wasu cikinmu a wannan shekarun ba su gama neman digiri ba. A kogunan Rakanji an jera gumakan dutse kusan 500, an gama su a 1766, domin tunawa da waɗanda rami ya ci. Himeji za ta nuna maka inda sarakuna suka zauna. A ramin Ryugenji, wanda aka buɗe wani sashensa ga baƙi, sawun kurfin talaka ne a jikin bango, kana iya kai hannu.

Akwai kuma labarin da duk ɗan Nijar zai gane. A yunwar 1732 hakimin wurin, Ido Heizaemon, ya buɗe rumbunan gwamnati ya raba wa mutane shinkafa, ya sa aka kawo irin dankali daga kudu. Har yanzu "hakimin dankali" suke ce masa.

Azurfa ta yi ta raguwa, a 1923 aka rufe. Omori ba ta mutu ba. Mutanenta suka gyara tsofaffin gidajen katako, daji ya rufe dutsen, a 2007 UNESCO ta karɓi wurin. Motar baƙi ba ta zuwa bakin rami. Kilomita biyu da ɗoriya ne, a ƙafa ko bisa keken haya. Na rubuta masa ya kwana a Yunotsu, tsohuwar tashar da ake loda azurfa, mai maɓuɓɓugar ruwan zafi, washegari ya komo.

Ya ce mini: "Kai dai Arlit kake gani." Gaskiya ne. Kawuna ya yi shekaru a Akokan, inda wani kamfanin Japan ma ya taɓa riƙe hannun jari, kuma tun da aka rufe ramin a 2021 yana gida Tawa. In ya ba da labarin garin, sai ya ƙare da tambayar wa zai zauna can nan da shekara ashirin. Shi ya sa nake son wani namu ya je Omori da idonsa, ya tambayi tsofaffi abin da kakanninsu suka ci bayan 1923, da yadda aka yi lakwal ɗin ƙauyen ba ta rufe ba.

Jiya ya aiko cewa ya duba kuɗin kar, ya fi na shinkansen sauƙi, amma ana faɗin za a yi ruwa ranar. Na ce ya sayi laima.