Tarihin Cikakkiyar Jimla Da Guntuwarta A Nahawun Turanci

Duk wanda ya yi makarantar boko ya san jan biron malamin Turanci, da hukuncin nan da yakan rubuta a gefen takarda, wai jimla ba ta cika ba. Wannan doka tana da tarihi, kuma ya kamata mai sha'awar rubutu ya san shi.

Asalinta ba daga Ingila ba ne. Wajen shekara ta 500, wani malamin Latin mai suna Priscian, wanda ya koyar a Kustantiniyya, ya bayyana jimla a matsayin jerin kalmomi masu jituwa da ke ba da cikakkiyar ma'ana. Da mutanen Ingila suka tashi tsara nahawun harshensu, sai suka auna shi da mudun Latin. Haka William Bullokar ya yi a 1586. Robert Lowth ya fitar da nasa littafin a 1762, sannan Lindley Murray, wani lauya haifaffen Amurka mazaunin York, ya rubuta nasa a 1795 domin wata makarantar 'yan mata. Littafin Murray ya bazu a makarantun Ingila da Amurka, yara suka yi ta haddace dokokinsa.

To amma da wane ma'auni za a gane ma'ana ta cika? A 1877 wasu malamai biyu na Amurka, Reed da Kellogg, suka yaɗa wata dabara. Ɗalibi ya ja layi, ya raba shi biyu, aikau a hagu, abin da aka faɗa a kansa a dama. In ɓangare ɗaya ya zauna fanko, guntuwa ce. A 1952 kuma Charles Fries na Jami'ar Michigan ya ce masana sun ba jimla ma'anoni fiye da 200. Shi sai ya nazarci hirar mutane ta tarho, ya mai da hankali ga ƙirar magana, wato ko tana iya tsayawa da ƙafarta.

Daga wannan doguwar tafiya aka sami sharuɗɗa uku da ake koyarwa: a sami aikau, a sami aikatau mai nuna lokaci, kuma kada ganga ya zama dogarau. Alal misali, "The boy running home" ba ta da aikatau mai lokaci. "Because the rain came late" kuwa tana da aikau da aikatau, amma kalmar farko ta rataye ta, mai karatu na jiran saura.

Nan ne Bahaushe yakan yi tuntuɓe, domin a Hausa "Audu malami ne" da "Akwai ruwa" cikakkun jimloli ne ba tare da aikatau ba. Dokar ta Turanci ce, ba ta duk harsuna ba.

Ko a Turancin ma, ba kowace guntuwa ce laifi ba. Charles Dickens ya buɗe littafinsa Bleak House, wanda ya fara fitowa a 1852, da guntayen jimloli jere, yana kwatanta taɓo da hazon Landan. Da gangan ya yi, kuma mai karatu yana ganewa. Saboda haka, 'yan uwa marubuta, kafin a yanke jimla, a tabbata an iya cika ta.