Daga Jigo Zuwa Injin Ban Ruwa

Yau tarihin tukunyarki za mu taɓa, wato yadda gwamnatoci suka yi ta shigowa harkar noma a ƙasar Jega, Aliero da Maiyama.

Tsofaffinmu za su tuna 1976, lokacin da Janar Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa, aka ce kowa ya yi shuka ko da a bayan ɗaki ne. Shagari ya biyo da nasa a 1980. An raba taki, an yi ta shela a rediyo, amma galibi sai manomi ya jira damina.

Wanda ya taɓa mu sosai shi ne shirin Fadama, da aka fara wajen 1993 da rancen Bankin Duniya, jihar Kebbi tana 'yar shekara biyu. Kafin nan da jigo ake ban ruwa, mutum ya wuni yana jan guga don 'yan komai kaɗan. Sai ga rijiyar da ake bugawa a fadama, ga ƙaramin inji mai shan fetur. Noman rani ya buɗe a bakin Gulbin Zamfara, shinkafa ta yawaita a kasuwar Jega, albasar Aliero kuwa ana lodinta har Kudu. Da aka shiga zagaye na biyu a 2004, aka ce sai a ƙungiya ake ba da tallafi. To fa, a nan ne mu mata muka rabu biyu. Wadda ta shiga ƙungiya tana iya samun injin niƙa ko dabbar kiwo, wadda ke cikin kulle kuwa, in maigida bai kai sunanta ba, sai dai ta ji labari a bakin maƙwabciya.

A Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da rancen Babban Banki ga manoman shinkafa: iri, taki da magani, a biya bayan girbi. A 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. An noma shinkafa, babu musu, ko da yake ambaliyar 2020 ta cinye gonaki masu yawa, bashin ma da yawa bai dawo ba, har bankin ya janye daga irin wannan rance a 2023.

Ke da kike turara shinkafa a tsakar gida, ki shanya, ki aika yaro da ita kasuwa, kin san abin da ya biyo baya. Shanshera ɗin da kike saye tiya-tiya, yanzu dillalan kamfani suna kwasarta mota-mota tun daga bakin gona, da kuɗi a hannu. Rancen da sunan mai gona aka rubuta shi, mai tukunyar gumi kuwa da jarinta na adashi take takara da su.