Taken Tashar Rediyo da Gano Shekarun Tsoffin Kaset

Taken tasha shi ne ɗan kiɗa ko kalmomin da gidan rediyo ke buɗe shiri da su, domin mai sauraro ya san inda ya kamo. A zamanin gajeren zango, lokacin da tashoshi ke cunkushe a jikin akwati, murya na zuwa tana ɓacewa, da take ake rarrabe su. Tun 1924 BBC ke sa ƙara shida ta cikar awa.

Rediyo ya iso Kano a 1944 ta hanyar waya, ana ja zuwa lasifikoki a gidaje da dandali, don haka babu zancen murɗa neman tasha. Take ya yi amfani ne da akwatin batir ya yaɗu. Ranar 13 ga Maris 1957 Aminu Abdullahi Malumfashi ya buɗe Sashen Hausa na BBC, wanda aka san shi da "Landan take kira". A 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa Rediyo Talabijin Kaduna, a 1978 kuma tashar ta koma hannun gwamnatin tarayya, ta zama Rediyon Najeriya Kaduna. Rediyon Nijar ya koma Muryar Sahel a 1974.

Wannan sauyin suna shi ne babban madogara wajen gano shekarun tsoffin kaset, irin waɗanda manoman rani a Bunkure, Kura da Kadawa suka ɗauka daga rediyo, suka adana cikin adaka, galibi ko rubutu babu a jiki. Bayan sunan tasha sai a saurari sanarwa. In mai shela ya faɗi farashin taki da naira da kwabo, ɗaukar ba ta riga Janairun 1973 ba. Ambaton Jihar Kano na nufin daga 1967, Jigawa daga 1991, zancen sakin ruwan Tiga cikin kanal kuwa sai bayan kammala madatsar a 1974.

Sai dai akwai buƙatar hattara. Waƙar Shata na iya girmar sanarwar da ke gabanta da shekaru masu yawa, domin tashoshi na maimaita tsohon faifai, masu sayar da kaset kuma sukan haɗa ɗauka biyu a fuska ɗaya. Tsohon taken ƙasar Najeriya ma, da aka sauya a 1978, an dawo da shi a 2024. Shi ya sa ba a yanke hukunci sai alamu biyu ko uku sun dace.